Kafin ka zuba kuɗinka a jita, ka san katakon da kake saye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon a ɗan sam min fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda ƙannenmu da yaranmu masu sha'awar koyon jita suke zubar da kuɗinsu a banza wajen saye. Na san wani zai ce yo ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta wa yake ta jita, to ai saboda tsadar ne ma nake maganar, don yaron da ya yi wata da watanni yana tara ɗan abin da ya samu a shagon ɗinki ko gyaran waya ko jan adaidaita sahu, sannan ya je ya sayo abin da ba zai ga hunturu biyu ba, wallahi abin tausayi ne. Ni sana'ata koyar da jita ce a nan Kano, ina kuma taɓa gyaranta, kuma jitar da nake nufi ita ce ta katako mara wuta wadda 'yan kasuwa ke ce wa bokis, ba ta lantarki ba.

Abin da yake faruwa shi ne, yaro zai shiga shago a Sabon Gari ko ya yi oda daga Alaba ta Legas, mai shago ya ɗauko masa guda biyu, ya juya bayan ɗaya yana shafawa yana cewa kalli wannan rozwud ce, waccan kuma mahogani, rozwud ta fi tsada saboda ita manya ke riƙewa. Yaro ya ga bayan yana ta ƙyalli ga zane mai kyau, shikenan ya ƙara kuɗi ya ɗauka. Bai duba fuskar ba, wato allon gaban jitar, bai duba wuyan ba, bai ma danna tsirkiya ɗaya ya ji ko yatsansa zai iya ba. Kuma abin takaicin, a irin wannan farashin rozwud ɗin da ake nuna masa wani siririn ɓawo ne da bai kai kaurin milimita ɗaya ba aka manna a kan filawud, wani lokacin ma fenti ne kawai aka yi wa zane.

Malam Edita, duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya ya san ba ƙoƙon ne yake magana ba, fatar da aka ɗaure a bakinsa ita ce take karɓar motsin tsirkiya ta mayar da shi sauti, ƙoƙo nasa riƙe iska ne da ba fatar wurin zama. To haka jita take, allon gaban nan mai rami a tsakiya shi ne fatarta. In ka kaɗa tsirkiya motsin yana bi ta kan ɗan farin ƙashin nan ya sauka a kan birij, wato katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a jikinsa, daga nan allon gaba ya ɗauka yana rawa yana tura iska. Kaurinsa bai fi milimita 3 ba amma yana ɗauke da jan tsirkiyoyin ƙarfe shida da ya kai wajen kilo 70 dare da rana, shi ya sa ake jera masa wasu sandunan katako ta ciki a gicciye su tallafe shi. Baya da gefe suna da nasu ɗan tasirin, ban ce babu ba, amma rabin lokaci ma bayan yana manne ne da cikin mai kiɗan, rigarsa ta danne shi.

Kuma wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Antonio de Torres, mutumin ƙasar Sifen da ya fitar da siffar jitar da ake bi har yau, a 1862 ya ƙera wata jita da fuskar katako mai kyau amma baya da gefenta na kwali ne, tana nan har yanzu a gidan adana kayan kiɗa na Basalona. Bob Taylor na kamfanin Taylor a Amurka shi ma a 1995 ya haɗa jita da katakon falet, irin wanda ake ɗora kaya a kai a sito, don ya nuna hannun maƙeri da tsarin ginin sun fi sunan itace. Wanda ya fi burge ni ma wani bincike ne da aka fitar a 2018 a Ingila, inda maƙerin kamfanin Fylde ya ƙera jitoci shida iri ɗaya sak, fuska ɗaya tsari ɗaya, bayan da gefen kawai aka bambanta, akwai rozwud na Barazil mai ɗan karen tsada, akwai na Indiya, akwai mahogani da mapul da sapele da walnot, aka kawo makaɗa 52 aka sa musu baƙin tabarau irin na masu walda a ɗaki mai duhu-duhu yadda ba za su gane katakon da ido ba, aka ce su kaɗa su ba da maki. Makin ya fito kusan kunnen doki, kuma da aka zo gwajin a bambance wannan da waccan da ƙyar suke iyawa. To in ƙwararru da jitoci na katako zalla sun sha wuya, ina ga ɗan koyo da ɓawon da aka manna a kan filawud?

Don haka ni in za a tambaye ni, tambayar farko ita ce fuskar nan katako zalla ce ko filawud. Filawud falle uku ne aka haɗa da gam, kowane falle jijiyarsa na kallon wani ɓangare daban, yana da ƙarfi amma ba ya sakin jiki ya yi rawa sosai, sautinsa gajere ne kuma yadda ka saye shi haka zai tsufa. Katako zalla kuwa itace ɗaya ne aka tsaga biyu aka buɗe aka haɗa a tsakiya, ya fi amo, ya fi jin bambancin taɓawa a hankali da bugu da ƙarfi, kuma makaɗa da yawa za su gaya maka yana ƙara buɗewa in ana yawan kaɗa shi. Gane shi ba wuya. Ka kunna fitilar wayarka ka haska bakin ramin nan, ka kalli kaurin katakon ta gefe. In layukan da ke kan fuskar sun gangara sun ratsa kaurin har ƙasa ba su yanke ba, zalla ne. In ka ga hawa-hawa kala biyu ko uku to ka san filawud ne, in kuma an shafe bakin da baƙin fenti ko an zagaye shi da roba yadda ba za ka gani ba, to ka yi zargin hakan. A takardar kamfani ma in zalla ne sai sun rubuta solid don abin alfaharinsu ne, in ka ga sunan itace kawai ba wannan kalmar, komai daɗin sunan galibi filawud ne.

Itacen da aka fi yin fuska da shi supurus ne, musamman irin Sitka da ke fitowa a gaɓar tekun Alaska da yammacin Kanada, fari ne mai ɗan ruwan madara da layuka sirara a jere. Dalilin da ya sa ya mamaye kasuwa shi ne ba shi da nauyi amma yana da tauri, ka buga da ƙarfi ya ɗauka bai rikice ba, ka taɓa a hankali ya amsa, ga mai raka waƙa da fik, wato 'yar robar da ake kaɗa tsirkiya da ita, ko mai kiɗa a coci ko a taron biki ni ban ga abin da ya fi shi ba. Itacen sida kuwa ja-ja ne kuma ya fi laushi, sautinsa yana da ɗumi kuma yana fitowa da wuri ko da ɗan yatsa ka taɓa, shi ya sa masu kiɗa da yatsu da masu tsirkiyar roba suke son sa, amma in ka dage kana dukansa sautin sai ya cushe, kuma farce kaɗan zai bar masa tabo. Akwai kuma masu fuskar mahogani gaba ɗaya, launin ƙasa-ƙasa, ba su da ƙara kamar supurus amma muryarsu a dunƙule take, in mutum mai rera waƙa ne a ɗaki ko a situdiyo suna zama da murya lafiya lau ba sa danne ta.

Batun baya da gefe kuma, tunda shi ake ta cika baki a kai bari in faɗi abin da aka sani. Misalin da kowa ke kawowa jitocin kamfanin Martin na Amurka ne guda biyu, D-18 mai bayan mahogani da D-28 mai bayan rozwud, girma ɗaya siffa ɗaya. Masu kunne suna cewa rozwud ya fi zurfin ƙasa da ƙyallin sama kuma sauti yana daɗewa yana shawagi, mahogani kuma tsakiya yake cikawa, sautinsa a bushe yake a fili, kowace tsirkiya ka ji ta daban. Mapul fari ne mai nauyi, sautinsa na fita tas ya mutu da wuri, shi ne a bayan jitar Gibson J-200. Ni kaina na fi son mahogani don irin kiɗanmu na nan mai yawan tsinke da maimaita gajeren salo ba ya son sauti ya yi ta jan jiki yana hawa kan na gabansa. Amma fa ana maganar jitocin da ake sayarwa dubban daloli ne, ba wadda ke rataye a shagon unguwa ba. Kuma tsadar rozwud ba ta daɗin sauti ba ce kawai, ta ƙaranci ce. Na Barazil an sare shi har ya kusa ƙarewa, Martin suka koma na Indiya tun wajen 1969, a 1992 kuma yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa ta sa shi a rukunin da aka fi tsanantawa. A farkon 2017 aka sa duk dangin rozwud a ƙarƙashin izini, kamfanoni suka rikice suka fara neman madadi, sai a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera, ban da na Barazil ɗin. To don Allah wanda ya ce maka jitar da yake sayarwa a kuɗin ƙaramar waya rozwud ɗin Barazil ce, me za ka kira shi?

Wani abin da yake ba ni haushi kuma yake ba ni sha'awa lokaci guda, yawancin madadin nan da manyan kamfanoni suka koma wa daga nan Afirka ake kwasarsu, amma mu in aka ce mana itacen Afirka ne sai mu yatsine fuska. Sapele sunan garin Sapele na jihar Delta ya ci, ta nan ake fitar da shi a da, kuma Taylor da Martin duk suna ƙera jitoci masu tsada da shi, kusan halinsa ɗaya da mahogani sai ɗan ƙarin ƙyalli. Abin da ake rubutawa mahoganin Afirka kuwa ɗan uwan maɗacinmu ne na jini, dangi ɗaya ne, sai dai wanda aka fi kai wa masu jita na kurmi ne irin na Gana da Kodebuwa da Kamaru da kudancin Najeriya. Okume daga Gabon yake zuwa. Baƙin eboni da ake shimfiɗawa a kan wuyan jitoci masu tsada ɗan uwan kanya ne, mafi yawansa daga Kamaru, har kamfanin Taylor ya shiga ya sayi wata masana'antar yanka shi a Yawunde a 2011 tare da abokan haɗin gwiwa daga Sifen. A nan ne ma Bob Taylor ya tarar masu sara suna kayar da itatuwa da yawa su bar su a daji su ruɓe don kawai cikinsu ba baƙi wuluk ba ne, ya ce daga yanzu mai ratsin ma a kawo zai saya. Mu kuma namu rabon a wannan harka sai sara. 'Yan Taraba sun san abin da aka yi wa madobiya, wadda 'yan katako ke ce wa madrid, tirela-tirela aka riƙa lodinta zuwa tashar jirgin ruwa ana kai wa Chaina da sunan rozwud, ba don jita ba ma, don kujeru da gadaje, har sai da aka sa ta a jerin CITES a 2017 aka kuma dakatar da Najeriya daga fitar da ita a 2018. Duwatsun da suke a rufe da itace yanzu suna nan tsirara, kuɗin kuma ba a ƙauyukan ya zauna ba.

Yanzu ga inda nake so masu karatu su buɗe kunne sosai, don duk shawarar da za ka gani a bidiyon Turawa ba da yanayinmu aka yi ta ba. Kamfanonin jita suna ƙera ta ne a ɗakin da danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma haka suke so a ajiye ta. Mu kuwa a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, daga Disamba zuwa Maris danshin yana faɗowa ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura 70. Katako zalla yana shan danshi ya kumbura, ya rasa ya tsuke, kuma a faɗi yake tsukewa, alhali sandunan da ke manne da shi ta ciki ba sa bin sa, to ina zai je in ba ya tsage ba. Alamar farko za ka ji bakin ƙarafan firet, wato siraran ƙarafan da ke jere a gicciye a kan wuyan jitar, sun fito suna kartar hannunka in ka shafa gefen wuyan, saboda katakon ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba. Sai fuskar ta lotsa, tsirkiya ta sauko tana zizar firet, sai wata rana da safe ka buɗe jaka ka ga siririn layi daga birij zuwa gindi. An taɓa kawo min wata mai fuskar sida, mai kyau ta gaske wani ya aiko wa ƙaninsa daga waje, an rataye ta a bango kusa da taga tun farkon sanyi don ado, da na ɗaga ta na saka fitila a ciki haske yana fitowa ta tsagar kamar an ja reza, yaron yana tsaye yana tambayata ko sufa gulu zai yi. Ba zai yi ba, ƙara ɓata ta zai yi, gyaran tsaga sai an fara mayar mata da danshi ta rufe bakinta sannan a sa gam ɗin katako a ɗora ƙananan faci ta ciki.

Saboda haka filawud a baya da gefe a wurinmu ba aibi ba ne, alheri ne, don shi bai damu da hunturu ba. Wanda ya san zai kula da kayansa ya nemi mai fuska zalla da bayan filawud, nan ne kuɗi ke yin aiki. Wanda kuma ya san jitar za ta yi ta yawo ne a adaidaita daga gidan aboki zuwa wurin atisaye, ko ta makaranta ce ko ta ƙungiyar matasa da hannu goma ke taɓawa, gara ma ya sayi filawud gaba ɗaya na kamfanin kirki hankalinsa kwance. Mai katako zalla gaba da baya kuwa, sai in kana da akwatinta mai tauri kuma ka yarda za ka yi mata hidima. Hidimar ma ba wata tsada ba ce, ka samu robar sabulu mai murfi ka huhhuda ta, ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa a ciki ka ajiye a akwatin wajen kan jitar ka rufe, duk bayan kwana biyu ko uku ka duba in ya bushe ka sake jiƙawa. In jakar yadi ce da kai ka fara zura jitar a babbar leda tukuna. Da damina ta sauka ka cire soson. Kar a bar ta a but ɗin mota ko cikin motar da aka rufe a rana, zafin ciki yana iya kaiwa digiri 60, gam ya yi laushi birij ya ɗago.

To sai wuya, wanda shi ne yake korar yara daga koyo fiye da komai. Yaro zai zo min yatsunsa sun yi kurmi ja wur yana cewa malam ni dai ina ga ba ni da baiwar, in karɓi jitar in ga tsirkiya ta yi sama da firet har ɗan yatsa zai shige, ni kaina da na shekara da shekaru ina yi ba zan iya riƙe kod a kanta ba, wato danne tsirkiyoyi da yawa lokaci guda. A shago ka ƙirga zuwa firet na 12, ka duba tazarar da ke tsakanin ƙarfen da tsirkiya mafi kauri, ya kamata ta zama wajen milimita 2 da rabi. Ba sai da ruler ba, katin ATM ko na zaɓe uku in ka haɗa sun kusa haka, in huɗu suka shige da ƙyar ba laifi za a iya gyarawa, in biyar suka shige suna lilo ajiye ta. Ka ɗaga jitar ka sa ido ta kan wuyan ka hango har ƙasa ka ga ko ya murɗe. Ka leƙa ka tabbatar akwai ƙarfen saiti a cikin wuyan, za ka ga kansa ta cikin rami ko a sama ƙarƙashin wani ɗan murfi, da alanki ake juya shi, kuma don Allah in ba ka iya ba kar ka juya. Ka duba farin ƙashin kan birij ko ya rage tsayi, don in tsirkiya ta yi sama shi ake gogawa da samfefa, duk milimita ɗaya da aka rage a nan rabin milimita ne a firet na 12, in kuwa ka ga an riga an cinye shi ya kwanta kuma tsirkiyar tana sama har yanzu to wuyan ne ya tafi, gyaransa ya fi kuɗin jitar. Ka gwada zura takarda a ƙarƙashin bayan birij, in ta shige ya fara ɗagowa. Sannan ka sauke manhajar tuna mai saita sautin tsirkiya a wayarka kyauta ce, ka saita kowace tsirkiya a sake, ka danna ta a firet na 12, harafin da ya fito ya zama ɗaya kuma allurar kar ta kauce da yawa. Ka bi firet ɗaya-ɗaya ka ji ko akwai mai zizar. Duk wannan bai fi minti goma ba, mai shagon da ya hana ka yi ka fita ka bar masa kayansa.

Za a ce to wacce za a saya. Ni ba dillalin kowa ba ne, amma abin da ya ratsa hannuna zan faɗa. Yamaha F310 filawud ce gaba ɗaya, fuskar supurus bayan meranti, ba ta da wani abin mamaki a sauti amma tana da juriya kuma yawanci wuyanta daidai yake zuwa. In kuɗin ya ɗan fi haka Yamaha FG800 fuskarta supurus ne zalla, bayanta nato ko okume, a Amurka dala 200 da ɗoriya ake sayar da ita, kuma tsakani da Allah tazarar da ke tsakaninta da F310 a kunne ta fi tazarar da ke tsakanin rozwud da mahogani nesa ba kusa ba. Fender CD-60S da Cort Earth 70 su ma ajinsu ɗaya, fuska zalla bayan filawud. Kar ka tsorata don ka ga an rubuta an yi a Chaina ko Indonesiya, manyan kamfanonin da kansu can suke ƙera masu sauƙin kuɗinsu. Abin tsoro jabu ne, masu manna babban suna a kan kwali, za ka gane su da farashin da ya yi daɗi fiye da ƙima, da gam da ya zuzzubo ta ciki, da takardar cikin rami da ta sha bamban da ta asali ko babu lambar kaya. Araha dai ba ta ado. 'Yan kwatano kuma akwai na kirki sosai a cikinsu, wani lokacin ka samu tsohuwar Yamaha da ta fi sabuwa, amma ita tsohuwa wuyanta da birij ɗinta za ka fi tsananta wa bincike, kuma ka tuna daga ƙasa mai danshi ta zo, hunturunta na farko a nan shi ne mai haɗari. Oda ta intanet daga wanda ba ka sani ba kuwa cinikin biri a sama ne, in dole ne ka sa ya yi maka bidiyo yana danna firet na 12 yana nuna tazarar da bakin ramin, ku kuma yi magana a kan mayarwa tun kafin ka tura kuɗi.

Iyaye masu saya wa yara, a duba girman yaro. Babbar nan mai faɗin ƙugu da ta cika kasuwa ta yi wa ɗan shekara goma yawa, hannunsa ba zai zagayo ta ba kafaɗarsa za ta yi ta ciwo, akwai ƙanana da ake ce wa uku bisa huɗu. Mai tsirkiyar roba irin Yamaha C40 ta fi sauƙi a yatsa duk da wuyanta ya fi faɗi, amma kar a kuskura a sa mata tsirkiyar ƙarfe don ana son ƙara, ba a gina ta don wannan jan ba, jan roba wajen kilo 40 ne kawai, na ga wadda ƙarfe ya tumɓuke wa birij ɗungurungum da ɓawon fuskar a jikinsa. Kuma a cikin kuɗin da aka ware a rage na jaka mai kauri da sabuwar tsirkiya marar kauri sosai da ɗan abin da za a ba mai gyara ya saita ta, jita mai matsakaicin kuɗi da aka saita ta fi mai tsadar da aka ɗauko daga kwali aka miƙa wa yaro. Fikof, wato na'urar da ke haɗa jita da lasifika, da ake liƙa wa masu araha don a ƙara musu kuɗi shi ma in ba a dandamali za ka hau ba bar shi, kuɗinsa a sa a fuska.

Roƙona gare ka Malam Edita, shafin nishaɗi kullum labarin wane ya saki waƙa wance ta yi aure ne, a riƙa ɗan ba masu sana'ar kayan kiɗa fili su ma, masu ɗaure kalangu da masu ƙera gurmi da kukuma da mu masu gyaran jita. Muna da kafintoci a garin nan da hannunsu ya isa, in suka samu wanda zai nuna musu yadda ake busar da katako da auna kauri da jera sandunan ciki, ba abin da zai hana a ƙera jita a nan da maɗaci a baya da wuya, a sayo fuskar kawai daga waje, kuma wadda aka haɗa a busasshiyar iskarmu ba za ta ji tsoron watan Janairu ba. Makarantun koyon sana'a na jihohi su duba wannan, in kuma akwai wanda ya riga ya fara a Jos ko Kaduna ko Zariya ko Yamai, don Allah ya rubuto ta wannan shafi mu san da shi, ina da ɗalibai da za su saya.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum,
Malamin jita daga Fagge, Kano.